Maganar da Na Faɗa a Madadinki

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da samarinki biyu. Allah Ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali, Ya sa albarka a aikin asibitin nan da ba ya barin ki zauna. Mu ma nan lafiya lau, sai godiya. Inna tana nan tana fama da gwiwarta, yau ta yarda gobe ta ƙi. Man shafawar da kika aiko mata kuwa ta adana shi a ƙasan akwati wai kada ya ƙare, don haka har yanzu gwiwar ba ta san an aiko shi ba. Maigidana ya samu sauƙin tarin da ya dame shi, ya koma shago. Ni ce dai gajiya ta yi mini yawa, irin wadda ko na yi barci nakan tashi da ita. Na san za ki yi mamakin ganin takarda a zamanin da kowa ke danna waya. Dalili shi ne duk ranar da na ɗauko maganar nan a waya, ko dai a ƙwala miki kira daga ɗaki, ko layi ya lalace, ko ki ce mini Yaya ba yanzu ba. To ki samu wuri ki zauna ki karanta ta har ƙarshe, don a kan Aku ce.

Kin san aikina na fassara finafinai da sa musu murya, amma ban taɓa ba ki labarin yadda muke yin sa ba, kuma sai kin san wannan za ki gane yadda na jawo mana abin da na jawo. Situdiyon namu ɗaki biyu ne a saman wani shagon gyaran firiji. Ɗaya na Dogo ne, tsohon da ke haɗa mana sauti, ɗayan kuma shi ne inda muke shiga a ɗauki murya, an manna masa soso a bango, ga makirufo guda da ɗan allo, in an rufe ƙofa dole a kashe fanka don kada ƙararta ta shiga. Oga, mai wurin, kullum cikin tsere yake da sauran masu fassara, kowa na so nasa ya riga fita. Saboda haka ba ya jira a kalli fim a gama. Yanka shi yake yi gunduwa-gunduwa, ya miƙo mini ta yau, in fassara daga rubutun Turancin da ke zuwa da shi, in auna maganar da motsin leɓen 'yan wasan, kowa ya shiga shi kaɗai ya karanta nasa daga takardata, kafin gunduwar gobe ta iso. Na yi shekaru rabona da in kalli fim daga farko zuwa ƙarshe kafin in sa masa baki. Akwai matar da na yi mako ina yi mata murya cikin tausayi, har da hawayena, ashe ita ce ta kashe mijin.

A hutun da ya wuce Oga ya sayo wani fim na matasa, ya ce muryoyinmu duk sun tsufa, yarinya yake nema. Ke da bakinki kika raɗa wa yarinyar nan Aku tun tana rarrafe tana kwaikwayon kukan ƙyauren ɗakin Inna, to har gobe halin yana nan, sai ma abin da ya ƙaru. Ta raka ni wurin aiki wata rana, Dogo ya ji tana kwaikwayon Oga a bayan idonsa, ya ce a gwada ta. Shi ke nan aka ba ta jarumar, ni kuma aka ba ni gwaggon jarumar. Ki zo ki ga murna. A gida ma ba mu huta ba, ana wanke-wanke ana gwada kuka, ana shara ana gwada dariya.

Fim ɗin kansa shirme ne irin nasu na yara. Wata budurwa ce ta tarar da tsohon keken ɗinki a ɗakin ajiyar kakarta, in ta juya hannunsa baya sai ta tsinci kanta a gidan shekarun baya, kafin a haife ta. Can ta haɗu da wani saurayi mai gyaran kekuna, gashi ya rufe masa ido, ban taɓa ganin ya gyara ko da taya ɗaya ba, aikinsa kenan jingina da bango yana kallon sama. Suka faɗa soyayya. Na ce wa Aku in an yi lissafi da gaskiya yaron nan sa'an ubanta ne, in ta dawo zamaninta za ta tarar da shi da tumbi da sanƙo. Ta ce Mama ba ki san soyayya ba, kin fiye ɓata wa mutane labari. Haka muka yi ta tafiya, yau ta je baya ta dawo, gobe ta ga iyayenta suna samari, ni kuma gwaggo ba ta da wani aiki sai leƙowa ta ce a zo a ci abinci. Har na fara yi wa Oga ƙorafi cewa ya ba ni matar da ba ta da amfani a labarin.

Sai ranar da gunduwar kusa da ƙarshe ta iso. Ina zaune a teburina da shayin da ya huce, na buɗe rubutun. Yarinyar ta je baya ta ga gwaggonta tana budurwa, da jaririya a hannu, tana miƙa ta ga yayarta. Ta dawo zamaninta ta tarar da gwaggon a kicin, gwaggon ta dube ta ta ce, ni na haife ki. Auta, sai da na tashi na buɗe taga. Ba sai na tuna miki ba, amma zan rubuta shi, don mun daɗe ba mu faɗe shi ko a tsakaninmu ba. Mijinki na fari, mahaifin Aku, ya rasu kina goye da ita. Kika samu gurbin karatun jinya a nesa, kika bar mini ita da cewa shekara biyu ne. Ni lokacin ban taɓa haihuwa ba, na karɓe ta da hannu bibbiyu. Muka tashi daga tsohuwar unguwa, bakinta ya buɗe da kirana Mama, ta kira maigidana Baba, ba wanda ya gyara mata. Da kika zo hutu ta ce miki Anti, kika amsa. Babu ranar da muka zauna muka shirya ɓoye mata, shiru ne kawai ya yi ta girma tare da ita. Daga baya kika roƙe ni in bar miki, ke za ki faɗa mata da bakinki, na yi miki alkawari. Kika ce bari ta yi wayo. Ta yi wayo kika ce bari ta gama firamare. Yanzu shekararta goma sha shida, tana neman fin ki tsawo.

Abin da na yi ban ce wayo ba ne. Na ga ba zan iya tsayawa gaban makirufo in faɗi wannan magana ba, kuma ba na so yarinyar nan ta karanta amsarta da rubutun hannuna. Na sake kallon bakin matar, na ga in na sa ta ce, ni na raine ki, zai hau leɓenta daidai, ba ragi ba ƙari. Na sa. To in kin canza ɗaya dole ki bi sauran. Na mayar da labarin wai uwar ce ta yi rashin lafiya bayan haihuwa, gwaggo ta riƙe jaririyar 'yan watanni. Na bi duk maganganun da suka biyo baya ina ɗinke su ɗaya bayan ɗaya, na yi aikin da ban taɓa yin mai kyawunsa ba, don ƙarya. Oga ba ya karanta Turancin, allon ɗakin murya kuma ba ya nuna shi. Aku ta shiga ta yi nata. Da ta fito tana goge gumi ta ce Mama yarinyar nan ta cika son kuka, don an riƙe ki wata uku kina jaririya shi ne za ki zube ƙasa ki fasa faranti. Na ce mata haka 'yan fim suke.

Fim ya fita, ko mako bai cika ba abin ya tashi. Na manta cewa yaran yanzu sun riga sun kalli komai a waya kafin mu gama fassara shi. Suka yi ta rubuce-rubuce a shafin Oga na intanet, wai mun cire wa fim zuciya, wai mai fassararmu ta sha wani abu. Wani ya yanko wurin da Turancinsa a ƙasa ya jera da namu. Oga ya kira ni, ya yi faɗa har mai gyaran firiji ya hawo ya ga ko lafiya. Na ce masa idona ne ya tsallake layi. Ya ce wanda idonsa ya tsallake layi ba ya zama ya gyara shafi huɗu don su dace da tsallaken. Ya ce a sake wurin gaba ɗaya a maye gurbin wancan, kuma tunda lokaci ya ƙure, ni da Aku mu shiga tare a yi a gama.

Faɗan Oga bai dame ni ba, na saba. Shirun Aku ne ya hana ni sakat. Kin san yarinyar da ko a barci bakinta ba ya hutawa, sai ga shi gidan ya yi tsit har Inna na tambaya ko ba ta da lafiya. Sau ɗaya ta yi mini maganar. Muna ninke kayan wanki ta ce, ni da nake yi mata faɗa in ta canza kalma guda a takarda, me ya sa cikin dukan fim ɗin wannan wurin kaɗai na canza. Na ce gajiya ce. Ta ce to. Washegari na tarar da ita ta baje tsofaffin hotuna a kan gado. Ba ta tambaye ni komai ba, amma na ga waɗanda ta ware gefe, naki ne kina makarantar sakandare, kina dariya da wushiryar nan taki da ita ma take da irinta. Daga baya Inna ta gaya mini ta je ta zauna kusa da ita tana matsa mata gwiwa, ta tambaye ta wa ya fi shan wahalar naƙuda tsakanina da ke. Inna ta ce ita ta tsufa ta manta, sannan ta shiga banɗaki ta yi kukanta. Ki duba tsohuwar nan da muka ɗora wa wannan kaya.

Ranar sake ɗauka muka shiga ɗakin mu biyu. Wurin ba ya ɗaukar mutum biyu sai kafaɗa ta taɓa kafaɗa, makirufo ɗaya a tsakaninmu, an kashe fanka, zafi kamar an rufe mu a tukunya. Dogo ya sako wurin fim ɗin a allo, gwaggo ta juyo daga kan murhu, na faɗi maganar. Ya ce a sake, muryata ta bushe kamar mai karanta sanarwa. Na sake, ya ce na riga leɓen. Na sake, ya ce na makara. Shi bawan Allah bai san komai ba, aikinsa yake yi, yana ta cewa in tuna matar nan ta daɗe tana haɗiye maganar, in bari a ji nauyinta. Na yi ta maimaita ni na haife ki, ni na haife ki, ga yarinyar a gefena ina jin numfashinta, ni kuwa na san ban haife ta ba, kuma na san wadda ya kamata ta tsaya a wurin tana can tana duba marasa lafiya. A raina na yi fushi da ke ranar, Auta, fushin da ban taɓa yi ba, kuma ina jin shi ne ya fito a muryar, don daga nan Dogo ya ɗaga mini babban yatsa ta gilashi. Sai aka zo kan amsar Aku, inda yarinyar ke tambayar gwaggo yadda ta iya jin ana kiranta gwaggo duk shekarun nan tana amsawa. Ba ta kalli takarda ba, ba ta kalli allo ba. Ni take kallo ta faɗa, a hankali, ba kuka ba ihu. Dogo ya ce bai hau leɓen sosai ba amma ba zai taɓa shi ba, a bar shi haka.

A motar haya muna dawowa ta zauna ta wajen taga har muka kusa sauka. Sannan ta ce na faɗi maganar da kyau, amma a ganinta ba muryata ce ta dace da wurin ba, akwai wadda ta fi ni dacewa. Ta juyo tana jira. Da na ce mata wace irin magana ce wannan, da na yi dariya na ce fim ya hau mata kai, wataƙila da ta ƙyale ni, don yarinyar tana da kunya. Amma na gaji, Auta. Na buɗe baki na rasa ƙarfin da zan ƙara wata ƙaryar. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, na riƙe mata hannu kawai har muka sauka. Alkawarin da na yi miki na cika shi da baki, ban faɗa ba. Sai dai ke ma kin san me shirun nan ya gaya mata.

Yanzu ga halin da muke ciki. Tana zuwa makaranta, tana aikin gida, tana gaida kowa. Har yanzu Mama take ce mini, amma takan ɗan tsaya kafin ta faɗa, kamar mai laluben matakala a duhu. Wannan ɗan tsayawar ita ce ke cina. Zan gaya miki gaskiya, ba don ke kaɗai na yi shiru shekarun nan ba, ni ma ina tsoron ranar da za ta san ba ni na haife ta ba, ina tsoron ta daina kirana da sunan nan. Maigidana ya fi ni shiga damuwa, ya dawo yana kawo mata tsaraba kullum kamar baƙuwa, ita kuma tana karɓa tana godiya kamar baƙuwar. Abin da ya fi damuna shi ne, ba haihuwar ce ke ƙona mata rai ba. Tana duban mu ɗaya bayan ɗaya, ni da Inna da Babanta, tana ganin duk mun sani mun bar ta ita kaɗai. Kowace rana da ta wuce ba ki yi magana ba, mu ne muke ƙara zama maƙaryata a idonta, mu da muke gabanta.

Don haka ga roƙona. Kada ki aiko mata da takalmi ko waya, kada ki turo mini saƙo in isar. Na riga na yi miki magana sau ɗaya a gaban makirufo, ba zan ƙara ba. Ki kira ta a wayarta, ba tawa ba, ranar da ba ki da aiki, ki rufe ƙofa ki gaya mata. Maigidanki ya daɗe da sani, samarin kuma za su gane in an yi musu bayani, yara ne masu hankali. Na san ba su kike tsoro ba, tambayar da za ta yi miki kike tsoro. Na riga ki jin ta, an yi mini ita ido da ido a ɗakin da ba iska, kuma ga ni ban mutu ba. Ba sai kin shirya amsa mai kyau ba. Ki gaya mata lokacin ke yarinya ce, mijinki ya mutu, kin tsorata, daga baya kunya ta hana ki. Ki ba ta labarin mahaifinta, don ni ban san shi kamar ke ba, kuma tana da haƙƙin ta san wane ne. In ta yi fushi ki bar ta ta yi, ni ina nan zan riƙe ta. Ba na neman ki karɓe ta, ba na kuma neman ki bar mini ita, ta wuce a miƙa ta daga hannu zuwa hannu. So nake ta daina kallonmu haka.

Ki gaida maigidanki da kyau, ki ce ina yi masa godiya bisa haƙurinsa. Ki shafa mini kan samarin, babban ki ce ya dage da karatu, ƙaramin kuma ya rage ƙiriniya. Ki gaida surukarki, Allah Ya ƙara mata sauƙi. Inna tana gaishe ki, ta ce ki ji tsoron Allah ki ji tausayin tsufanta. Maigidana yana gaishe ki, haka ma Kawu da iyalinsa. Ɗazu Aku ta wuce ta gan ni ina rubutu, ta gane wa nake rubuta wa. Na tambaye ta ko in sa gaisuwarta. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce in sa, amma kada in rubuta daga wa zuwa ga wa, sai kin kira ta kin gaya mata da wane suna za ta gaishe ki.

Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya sada mu da alheri. Wassalam.

Taki har kullum,
Yayarki.